Malam Elias da Baƙin da Suka Kawo Rumfa

Ranka ya daɗe Dagaci, mai girma Kansila, Fasto da Liman, uwargidan marigayi Mama Judith da 'ya'yanki, jama'ar Gubuchi, sannunku da zuwa, ya ƙarin haƙuri. Ni ne Yahuza, maƙwabcin marigayi Malam Elias. Ƙungiyar manoman rake da ya shugabanta ce ta ce in yi magana da bakinta.

Ya kasance ba ya shiga kamfani ta ƙofar gaba. In za mu sayi hannun jari, sai ya hau acaɓa ya zagaya baya, ya ga inda suke zubar da ruwan dauɗa, ya zauna wurin mai koko ya ji ko ana biyan leburori. Akwai inda ya tarar ruwansu na gangarawa fadamar mutane. Ya dawo ya ce ba da mu ba, wanda ya kashe fadamar wani ba zai yi ƙarko ba. Muka yi ta gunaguni, ko a jikinsa.

Ya kasance mai haƙurin jira. Yakan ce jari ɗorawa ce, jikoki ke cin daddawarta. Ribar da muka raina ita ke saya mana taki duk damina, ita ta gyara rijiyar makaranta.

To jama'a, kun san ni, magana ba ta kwana a cikina. Bara wasu baƙi suka zo, wai za su ninka mana jari kafin a sare rake. Malam ya tambaye su ina masana'antarsu take, suka nuna masa hoto a waya. Ya sallame su. Yana kwance a asibiti suka koma da lemo, ya sake sallamarsu. Yau ga su a sahun gaba, an ce su suka kawo rumfunan nan da kujeru. Yaushe ƙauna ta shiga? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Felix, ɗana, ƙungiya ta ɗora ka a kujerar mahaifinka, kuma sai da hannunka jarin nan zai fita. An sha ganin motar baƙin nan a ƙofar gidanku. Ban ce ka amsa musu ba, amma wallahi hankalina bai kwanta ba. Akwai gumin matan da mazansu suka rasu a cikin jarin nan, in ya tafi ba su da wani. Mama Judith, ki ja masa kunne, naki zai fi ji.

Baƙinmu, mun gode da ta'aziyya. Samari, ku tashi ku kwance rumfunan nan yanzu, ku loda musu a mota. A rana za mu yi wa Malam addu'a.

Na gode muku duka. Allah ya ba Malam Elias hutawa, ya ba iyalinsa haƙuri. Ya Allah, ka riƙe hannun Felix ranar da za a miƙa masa biro. Amin.