Wayar da Ban Ɗaura Ba

Mai girma shugaban taro, shugabannin ƙungiyarmu ta masu aikin lantarki, dattawan sana'a da suka riƙe hannunmu, 'yan uwa maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya da wannan dama. An ce in yi bayani kan yadda wayar gida ke ɓata sauti, ni kuwa ba daga littafi zan karanto muku ba, daga laifina zan karanto.

Shekara tara ke nan da na ja wa wani tsohon malamin makaranta waya a gidansa. Idonsa ya yi rauni, ba shi da abokin hira sai rediyonsa mai manyan lasifika a falo. Tun ranar da na gama aiki rediyon ya kama ƙugi, zuuu, in firji ya tashi kuma ya yi ta ƙas-ƙas. Sau uku Dogo mai gyaran rediyo yana kai shi shago, sau uku rediyon yana magana garau a can, sau uku yana dawowa gida da ƙuginsa.

Dogo ya same ni ya ce, "Yaya, don Allah duba soket ɗin nan, ba daga rediyo ba ne."

Na ce, "Ka kasa gyara, sai ka ɗora wa bango laifi?"

A gaban malam na faɗa, malam ya faɗa wa maƙwabta, maƙwabta suka kwashe kayansu daga shagon. Ba a shekara ba Dogo ya rufe, ya bar unguwar.

Bara aka kira ni gidan malam in sauya soket ɗin. Ina kwancewa, sai ga wayar ƙasa, mai zubar da rarar wuta, a naɗe, ban taɓa ɗaura ta ba. Falo da firji kuma layi ɗaya na haɗa su. Cikin minti goma na gyara, ƙugi ya ɗauke ɗif. Na bi sawun Dogo, aka ce wata huɗu da rasuwarsa.

Saboda haka, na farko, ku ɗaura wayar ƙasa, ku matse ta da kyau. Na biyu, ku raba layin firji da na kayan sauti. Na uku, wanda ya fi nauyi: in ƙaninku a sana'a ya ce ku duba, ku duba kafin ku buɗe baki, domin magana zarar bunu ce.

Allah Ya jiƙan Dogo, Ya raya abin da ya bari, Ya yafe mini haƙƙinsa. Allah Ya tsare hannuwanku da harsunanku, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.