Gilasan Hashimu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Shugaban wannan taro, Shehu Tijjani, malamanmu, dattawan unguwarmu Jarwal ta nan Makka, iyayenmu mata da ke saurare ta bayan labule, ya jama'a, assalamu alaikum.

Yau Juma'a, sha biyu ga Muharram, shekara ta 1374. Na kwana da tari, na tashi da shi, sau uku na zauna a hanya kafin na iso. Don haka ku yi mini uzuri, a zaune zan yi magana. Wanda bai sanni ba, ni ne Sabo, na koyar da lissafi shekara arba'in a garin nan. Ina godiya da kuka ba ni dama, ina godiya da kuka ajiye matashin jingina kusa da Shehu saboda baƙon da muke jira.

Magana uku gare ni.

Ta farko, Hashimu ɗan Wada, wanda muka binne a maƙabartar Ma'alla cikin Sha'aban. Da yawanku kun san shi mara lafiya ne mai naɗaɗɗun hannuwa, amma ba ku san aikinsa ba. A gabana ya koyi lissafi, ya tafi Masar, ya wuce ni nesa, ya ƙara gaba zuwa ƙasashen sanyi. Kun san hasken nan da likitoci ke ɗaukar hoton ƙashi da shi. Hashimu bai haska ƙashi ba. Ƙwayar gishiri yake samu, wadda ba ta kai ƙwayar riɗi ba, ya liƙa ta a bakin tsinke, ya sako mata hasken, ya ajiye gilashi a bayanta cikin duhu. Wani gilashin sai ya kwana goma yana shan haske. In an fito da shi, sai ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe. Sai ya auna tsakanin ɗigo da ɗigo, ya yi wata da watanni yana lissafi da alƙalami, har ya gano yadda Allah ya jera ƙananan abubuwan da ido ba ya gani a cikin ƙwayar. Shekara ashirin yana wannan, lokacin masu yinsa a duniya ba su da yawa. Hasken ya ci masa yatsu uku, daga baya ya shiga jininsa.

Aikinsa na ƙarshe a kan kanwa ne, irin wadda alhazanmu ke ƙullowa daga gida. Ya ce mini, "Malam, kowa ya haska gishirin ƙasarsu. Ni na uwata zan haska." Ya ɗauki gilashi sittin da huɗu. Bai gama lissafin ba ciwo ya kayar da shi, ya dawo da su cikin sanduƙi ɗakin ƙanwarsa Rumasa'u. Wata rana ya ɗaga mini ɗaya a hasken taga, mai lamba bakwai, ya ce shi ne mafi kyau da ya taɓa samu. Ya ce, "Malam, duba. Ka tuna in mun hau dutsen Abu Ƙubais lokacin salla, mukan hango sahu zagaye da Ɗakin Allah? To ga shi nan a cikin kanwa." Na duba, wallahi haka ne, da'ira cikin da'ira.

Magana ta biyu ita ce mai nauyi, kuma da kaina zan fara.

Ranar zaman makoki, ni na faɗa muku wannan labarin. Ni na ce sirrin halittar Allah na cikin gilasan nan. Na faɗa don ku girmama shi, kuka girmama shi yadda muka gada. Mu mutane ne da in malami ya rubuta a allo, sai mu wanke mu sha. Aka fara zuwa wurin Rumasa'u aro, ita kuwa ba ta iya hana maƙwabci. Aka sa ruwan ɗumi, aka murza, ɗige-ɗigen suka narke, aka sha.

Da na ji, na tafi gidan Hajiya Ramlatu, ɗaya daga cikin masu aron. Ta ce, "Allah gafarta Malam, da bakinka ka ce sirrin Allah ne. To sirrin Allah sai ya zauna a sanduƙi, jikata na tari?" Garba mai shayi, ga ka can ina jin dariyarka, kai ka ce mini, "Ni dai na sha, ƙafata ta saki." Na ce maka ƙafarka ta saki ne don sanyi ya wuce. Ka ce, "Malam, kai ma ai ka sha."

Na ɗauka tsokana ce. Ba tsokana ba ce. Cikin azumi, da ƙirjina ya tsananta, ba mai leƙo ni, Hajiya Ramlatu ta aiko mini da ruwa a moɗa, aka ce rubutu ne. Na yi bismilla na shanye, na yi mata addu'a. Daga baya na ga gilashin a tagarta, fes, an toshe iska da shi. Lambar tana nan a kusurwa, an zana ta da ƙarfe, ruwa bai ci ta ba. Bakwai.

Saboda haka ban zo zargin kowa ba. Tausayi ne ya sa aka wanke, ba mugunta ba. Amma ku ji daga wanda ya sha: ba aya ba ce, ba hatimi ba ne, maganin ɗaukar hoto ne, yana iya cutar da ciki. Tarina kuwa ga shi kuna ji. Allo in an wanke, malami zai sake rubutawa. Wannan, mai rubutawar yana Ma'alla.

Magana ta uku, roƙo ne. A sanduƙin nan da ke gabana saura goma sha tara. Na san akwai wasu a gidaje, an ajiye ana jiran ranar ciwo. Hashimu ya bar littafin lissafinsa, amma ya gaya mini ba mai karɓar lissafin sai an gwada shi da gilasan, kuma in suka gaza talatin ba za a iya ƙarasawa ba. Sha ɗaya nake nema. Ina roƙonku don Allah, ina roƙonku don maƙwabtaka, ina roƙonku don yatsu ukun nan, ku dawo da su a bushe.

Kuma ina neman gidan da zai riƙe sanduƙin. Ni kaɗai nake, ɗakina a gangare yake, kun san abin da ruwa ke yi in ya sauko daga duwatsu. Ba na zaton zan ga wani Muharram.

Allah ya jiƙan Hashimu, ya sa ciwonsa ya zama kaffara. Allah ya ba marasa lafiyarmu waraka ta gaskiya, ya ba jikar Hajiya Ramlatu lafiya. Allah ya saka wa Shehu da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Sauran baƙo. Ustaz Abdulganiyyu na Masar, abokin aikin Hashimu, shi kaɗai na sani wanda zai iya karanta ɗige-ɗigen nan. Ya rubuto zai zo aikin hajji, bai zo ba. Ya sake rubutowa cewa yau zai iso. Motar Jidda ta sauke mutane tun kafin sallar Juma'a, na tsaya har na ƙarshe ya sauka. Ba shi.

Shehu, a bar matashinsa inda yake. Ni ma ina nan, sanduƙi a buɗe, har a kira magariba. Wanda ya kawo, ya ajiye ya wuce, kada ya ji kunya. Idona ba ya gane fuska yanzu, ƙarar gilashi kawai zan ji.

Na gode.