Amala da Cokali

A tashar mota a Ibadan, Morenike na zaune a benci da kular amala a cinyarta. Mutumin da ke gefenta, mai jiran motar Legas, ya ji ta a waya ta ambaci gidan kula da tsofaffi inda mahaifiyarta take.

"Mahaifina ma yana can," in ji shi. "Kin ga matan nan masu zuwa sauraron koken tsofaffi? Rubutu kawai suka iya."

"Ni ma haka na ce da farko, Yaya. Mamata ta yi sati biyu tana ture abinci. Likita ya ce tsufa ne. Har dangi sun fara zaɓen ankon jana'iza."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai ɗaya daga cikin matan ta zauna da ita lokacin cin abinci. Ashe cokali ake ba ta. Shekara tamanin tana cin amala da hannu, sai a ajiye mata kwano ba ruwan wanke hannu. Kunya ta hana ta tambaya."

"Cokali kawai?"

"Shi kaɗai. Matar ta kai maganar gaban shugabar gidan. Yanzu kowane tsoho da ruwansa. Mama har ƙari take nema."

"An ce Baba ma ya rame," in ji mutumin.

"An ce? Yaushe rabonka da shi?"

Direban motar Legas ya yi ta kiran saura mutum ɗaya. Mutumin bai tashi ba.

"Ƙarfe nawa suke cin abincin rana?" ya tambaye ta.