Jinin Badi'a

A wani asibiti a Gwarzo, masu binciken sikila suna ɗibar jinin yara. Wata mata ta ƙi dangwala yatsa a takardarsu, 'yarta Badi'a tana gefenta. Wani dattijo ya matso.

"Baiwar Allah, dangwala mana. Babban likita ne fa daga Kano."

"Baba, takarda ya duba, bai dubi yarinyar ba. Bara ma sun ɗiba, har yau shiru."

"In suka hana ki maganin kyauta fa, ga tsadar nan?"

"Malama Joan mai ba da shawara ta ce ko na ƙi, magani yana nan. Sai sun gaya mini inda jinin 'yata yake zuwa."

Badi'a ta ɗago kai. "Inna, ashe ana iya ce wa likita a'a."