Maganin Maigida Ya Ƙare a Ruwan Kaji

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa. Daga wani ƙauyen Bunkure nake, a sakaya sunana.

Na je asibiti aka gwada ni, aka ce ciwon sanyi ne mai suna kilamidiya, wanda ma'aurata ke shafa wa juna. Aka rubuta mana kafso na kwana bakwai, ni da maigida. Na shanye nawa tas. Shi kuwa cewa ya yi, "Ni lafiyata ƙalau, wanki da ruwan kanal na noman rani ne ya sa miki sanyi."

Ran nan na tarar yana farfasa nasa kafson cikin ruwan kaji, wai suna mura. Tir!

Yanzu ciwon ya dawo mini, ga shi haihuwa muke nema. Malama, a ba ni shawara. Kaji dai sun warke, ni fa?