Waƙa Mai Minti Goma Sha Ɗaya

A ɗakin jiran likita a garin Hull na Ingila, wani dattijo yana rubutu, wata tsohuwa tana leƙa takardarsa.

"Wasiyya kake yi, bawan Allah?"

"Waƙoƙin jana'izata ne. Uku ake yarda da su a gidan ƙona gawa: ta shiga, ta tsakiya, da ta rufe labule a kan akwatin gawa. Duk na mawaƙan da nake so tun ina saurayi."

"Ta ƙarshen minti goma sha ɗaya? Mutuwa za ka yi ko casu?"

"Don matata ce, Glenys. Shekara arba'in tana kashe min ita tun ba a kai rabi ba. Ran nan dole ta ji ƙarshenta."

"Sannu, gwani! Marigayi mijina ma dabarar da ya yi ke nan. Labule na rufe akwatinsa na ɗaga wa mai na'urar waƙa hannu, ya kashe, muka tafi shan shayi."

"Haba! Ba ki taɓa jin ƙarshenta ba ke nan?"

"Kullum da safe nake saka ta, shekara shida yanzu." Ta gyara riƙon jakarta. "Har gobe hayaniya ce kawai."