Yayana Ya Ce Wa Duniya Muryata Ta Mutu

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Baba Fasto, dattawan ikilisiya, iyayena mata, na gode da kuka ba ni dama in tsaya a gabanku.

Sunana Rifkatu. Yaran cikinku sun san ni da bandar kifi a bayan kasuwa, sun san ni a bencin ƙarshe, bakina a rufe idan ana waƙa. Manya kuwa sun tuna lokacin da ba a wuni rediyo bai sa waƙata ta kogi ba. Yau zan faɗa muku abin da ya faru tsakanin wancan lokaci da yanzu.

A nan Haɗeja aka haife ni, a wannan ikilisiya na koyi waƙa. Mai kaɗa mana fiyano ɗan kawuna ne, Istifanus. Gida ɗaya muka tashi, kwano ɗaya muka ci. Ban taɓa kiran sunansa ba, Yaya nake ce masa.

Shi ya kai ni situdiyo a Kano muka ɗauki waƙar. Magana ce a kan Allah mai cika kogi, ya ciyar da manomi da masunci bai tambayi sunan kowa ba. Ta karɓu fiye da yadda muka zata. Masu shayi suna sa ta, direbobin Birniwa suna sa ta, Musulmi da Kirista. Na taɓa shiga motar Kaugama, wata tsohuwa a gefena tana bin kaset ɗin baiti bayan baiti, ba ta san mai waƙar ce ta riƙe mata jaka ba.

Muka koma muka ɗauki sabbin waƙoƙi. Daga nan Yaya ya ce zai koma Jos da zama, can kasuwar waƙar bishara take. Ya auri Hannatu, yarinyar da ni na koya wa yadda ake jan numfashi kafin a ɗaga murya, suka tafi tare.

Ya ce, "Ki zauna a gida, ƙanwata. Da zarar lokaci ya yi zan aiko."

Ba ni da waya a lokacin. Duk mai nemana ta hannunsa yake bi.

Na jira. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Idan ya zo Kirsimeti na tambaye shi, sai ya girgiza kai ya ce, "Kasuwa ta mutu, Rifkatu. Mutane sun koma wa kiɗan zamani. Ki ƙara haƙuri." Na yarda da shi. Na ɗauka haka rayuwar mawaƙi take, ka yi tashe, a yi shiru da kai, in da rabo wata rana a sake tunawa. Na yi aure, na haihu, na kama sana'ar kifi. Kaset ya wuce, faifai ya zo ya wuce, waƙa ta koma cikin waya, ni ina jiran aike.

Wata rana muka je biki Kaugama. Ina rabon shinkafa, sai wata ta nuna ni ga wata baƙuwa, shugabar zumuntar mata daga Jos, Mama Asabe. Ta ce, "Mama, ga mai waƙar kogin nan da kike so."

Mama Asabe ta ajiye cokali, ta kama hannuna. Ta ce, "'Yata, yaya maƙogwaron? Mun sha yi miki addu'a."

Na ce, "Wane maƙogwaro, Mama?"

Ta ce, "Aikin da aka yi miki. Sau nawa muka aika ki zo babban taronmu, yayanki ya ce likita ya yanka ki a wuya, muryar ta tafi. Har hawaye ya yi a gabanmu. Shi ya sa yake kawo mana matarsa."

Ta ciro waya ta kunna mini. Muryar Hannatu ce, an sauya kiɗa, an ƙara ganga. Amma kalmomin nawa ne. Har wadda na tsara ranar da muka binne mahaifiyata tana ciki.

'Yan'uwa, ban san yadda na ajiye farantin nan ba.

Na shiga mota har Jos. Na sami Yaya a situdiyonsa, ya ƙara ƙiba, hotunan Hannatu sun cika bango. Na yi zaton zai musa, ko ya sunkuyar da kai. Bai yi ko ɗaya ba. Ya miƙo mini kujera ya ce, "Ke ba ki san wannan harkar ba. Muryarki ta ƙauye ce, tsayuwarki ta ƙauye ce. Waƙa ɗaya ta yi sa'a. Da na bar sauran a bakinki da sun mutu a Haɗeja."

Na ce, "Yaya, to me ya sa ka ce an yanka ni?"

Ya ce, "Da me zan faɗa musu?"

Hannatu tana tsaye a bakin ƙofa. Na dube ta, ta dubi ƙasa. Ta tambaye ni ko a kawo mini ruwa.

Na dawo gida. Kawu ya ce kada in tona asirin zumunci, in bar wa Allah. Kowa ya ba ni haƙuri, ba wanda ya je ya ce masa ya yi laifi.

Ranar Lahadi na tsaya cikin mawaƙa, na buɗe baki, babu abin da ya fito. Na je asibiti, suka duba suka ce hayaƙin banda ne kaɗan, ba wani ciwo. Ina magana, ina ciniki, ina yi wa yara faɗa, amma da an tayar da waƙa sai wuyana ya ƙulle kamar an ɗaure bakin buhu. Ƙaryar da ya yi a kaina ta zama gaskiya. Na koma bencin ƙarshe. Na yi fushi da Yaya, na yi fushi da Hannatu, na yi fushi da Allah da yake kallo ana tafa musu da waƙar kabarin uwata. Jariran da aka goya lokacin waƙata ta farko suka girma har suna tuƙa adaidaita, ni ina nan.

Sai daminar da ruwa ya yi mana barazana. Kun tuna. Kogi ya cinye shinkafar fadama, ya taso wa gari, kowa ya fita bakin jinga, tudun da ke tare wa gari ruwa. Maza suna jera buhuna, mu mata muna cika su da yashi. Ina kusa da maƙwabciyata Ya Kaltume, wadda muka yi shekaru muna aron murhu da gishiri. Rana ta take, hannuwa sun mutu, wasu mata sun zauna suna kuka saboda ruwan ƙaruwa yake.

Ya Kaltume ta ce, "Rifkatu, yi mana waƙa. Matan nan sun karaya."

Na ce, "Ya Kaltume, kin san babu."

Ta ce, "Ban ce ki yi ta rediyo ba. Yi mana ko mai gautsi ce, mu ɗaga buhun nan."

Na durƙusa kamar ina ɗaure buhu, na yi addu'ar da na daɗe ban yi ba. Na ce, "Yesu, ba zan yi maka ƙarya ba, ban yafe wa Yaya ba. Amma na gaji da ɗaukarsa a wuyana. Kai ma wanda kuka ci abinci tare ne ya bashe ka. Ka san wannan ciwon. Ka karɓe shi, ni na kasa."

Ban ji tsawa ba, ban ga haske ba. Na dai ji wuyana ya saki.

Na buɗe baki. Muryar ta fito a dushe, ta tsufa, hayaƙi ya ci rabinta. Kalmomin da ban taɓa tsarawa ba suka zo, roƙo ne ga Mai ruwa ya tuna da masu gari. Ya Kaltume ta amsa, matan suka amsa, waɗanda suka zauna suka miƙe. Muna yi muna cika buhu har la'asar. Ku yabi Ubangiji!

Wani ya ɗauka a waya ban sani ba. Kafin ruwa ya janye, waƙar ta kai inda ƙafata ba ta taɓa zuwa ba. Gidan rediyo suka zo har rumfata. Mama Asabe ta kira tana kuka, ta ce bana da ƙafata zan zo taro.

Yaya ma ya kira. Na jira kalma ɗaya ta ban haƙuri. Ya ce, "Ƙanwata, na ji abin. Ki zo Jos mu gyara ta, iska ta yi yawa a ciki."

Na ce, "Yaya, na sa ka a hannun Allah, ba na binka da mugunta. Amma ba zan zo ba."

Ya kashe waya. Har yau bai ce in yafe masa ba. Na ji yana faɗa wa mutane cewa shi ya gano ni tun farko, kuma addu'arsa ce ta warkar da maƙogwarona.

Ba zan tsaya a gidan Allah in ce ciwon ya tafi duka ba. Akwai safiyar da nake tashi in lissafa ƙuruciyar da aka ɗauke mini, ƙirjina ya yi zafi. Waɗancan shekarun ba za su dawo ba. Amma na gode wa Yesu da bai bar maganar ɗan'adam ta zama ta ƙarshe a kaina ba.

Idan akwai wanda nasa suka rufe shi da rai a cikinku, kada ka jira sai sun ba ka haƙuri kafin ka tashi. Mai yiwuwa ba za su taɓa ba ka ba. Ka kai wa Ubangiji ciwon yadda yake, ka dogara gare shi, yana ji.

Ku riƙa sa Istifanus da Hannatu a addu'a, don ni har yanzu in na zo kan sunansu sai na tsaya na haɗiye yawu. Ɗaukaka ta tabbata ga Allah. Amin.

Mawaƙa, ku matsa mini kaɗan. Yau a cikinku zan tsaya.